Zuwa ga Uwata, Kafin Jirginku Ya Bar Gaɓa

Uwata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Yayanki ne ya yi suɓutar baki ranar Juma'a, ya ce a tafiyar da za ku yi tekun Fasifik ba a saman jirgi za ki tsaya ba, har da ke cikin masu shiga ƙaramin jirgin nitso. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne a bakinsa na ji, alhali ranar Laraba mun fi rabin sa'a a waya kina ba ni labarin sanyin garinku.

Kada ki ɗauka na raina aikinki. Ni da na tsufa ina koyar da ilimin halittu da alli, na zauna na karanta takardun da kika aiko mini a kan dabbar nan mai kama da fure, wadda take zaune kusa da maɓuɓɓugan ruwan zafi na ƙasan teku, mai siraran hannuwa da tsawonsu ya kai mita 2. A 2006 wata masaniya, Marymegan Daly, ta bayyana ta da sunan Boloceroides daphneae, ta lissafa ta cikin dangin animoni, wato dabbobin teku masu kama da fure. A 2014 Estefania Rodriguez da abokan aikinta suka binciki ƙwayoyin halittarta, suka ce kama da wane ba ta wane, suka cire ta daga dangin, suka raɗa mata Relicanthus. Ana zuwa 2019 kuma aka mayar da ita gida, amma aka ware mata ɗaki nata ita kaɗai. To, ki gaya mini, duk wannan kai-komo a ina aka yi shi? A ɗakin bincike aka yi, a kan tebur, ƙafar kowa na taka ƙasa. Ke da kanki kika ce akwai na'urar da ake zurawa da igiya, ta ɗauko hoto, ta tsinko dabbar, mai sarrafa ta yana zaune a sama. Me zai hana ki jira ta kawo miki?

Zurfin wurin ya kai mita 2,500, inda nauyin ruwa ya ninka na iskar da muke shaƙa kusan sau 250, kuma babu ɗigon hasken rana. Tun ranar Juma'a wannan lissafi nake yi, ko na kwanta shi nake yi. Ban manta watan Yunin 2023 ba, da jirgin nitso mai suna Titan ya murƙushe a hanyar zuwa ɓaraguzan Titanic da mutum biyar a ciki, har da uba da ɗansa mai shekara 19. Na san za ki ce ai Alvin, jirgin nitson da za ki shiga, daban ne, tun 1964 yake aiki, ya yi nitso fiye da sau 5,000. Haka ne, amma shi ma a 1968 igiyoyinsa sun tsinke ya nutse, mutanen ciki suka sha da ƙyar, sai a shekarar da ta biyo aka ciro shi.

Lokacin da Gwaggonki ta tara mini dangi a zaure, ni na tsaya kai da fata na ce sai kin tafi karatu, kin kuma san abin da na sayar. Ban yi haka don ki riƙa yanke irin wannan hukunci ke kaɗai, ki mayar da ni wanda za a sanar bayan an gama ba. Wannan ba tarbiyyar gidanmu ba ce, kuma digiri bai ɗauke miki neman izini ba.

Duk da haka, na tuna yadda kike cika mana randa da talibamban kududdufi kina ƙirga ƙafafunsu, ni kuwa ina hana mahaifiyarki ta zubar. Wataƙila laifin nawa ne tun farko. Har yanzu ban faɗa mata ba, saboda hawan jininta, ke za ki faɗa mata da bakinki. Ki fara tambayar malamarki ko za a bar ki a sama tare da masu karɓar abin da aka ciro. In kuma ya zama dole, ki rubuto mini rana da sa'ar da za a rufe muku murfin, da agogon nan gida, domin in san lokacin da zan hau sallaya da lokacin da zan fara jiran wayarki.

Mahaifinki.