Shari'ar Diddy da yaran da ke zuwa studiyo a Jos

Malam Edita,

Ina aikin ɗaukar sauti a wani ƙaramin studiyo a Jos, garin da mawaƙa su M.I da Ice Prince suka taso. Samarin da ke zuwa wurina da yawa gwarzonsu Sean Combs ne, wato Diddy, mawaƙi kuma ɗan kasuwar waƙa na Amurka. Gaskiya mutumin ya taka rawa: ya kafa kamfanin waƙa na Bad Boy Records a 1993, ya fito da mawaƙi Notorious B.I.G., ya buɗe kamfanin tufafi na Sean John, arziki ya zauna masa.

Amma bidiyon da CNN ta fitar a Mayun 2024, inda aka gan shi yana shurin Cassie Ventura, mawaƙiyar kamfaninsa kuma budurwarsa a lokacin, tana kwance a ƙasa a wani otal na Los Angeles, ya tsaya mini a rai. Tun 2016 aka yi abin, shekara takwas ana rufa-rufa! A Yulin 2025 kotu a New York ta wanke shi daga manyan tuhume-tuhumen da aka yi masa, ta same shi da laifi biyu na jigilar mutane daga wani wuri zuwa wani don karuwanci, daga baya aka yanke masa ɗaurin wata 50.

Mu ma nan muna da irin waɗannan iyayen gida. Na ga yarinya mai zaƙin murya ta sa hannu a takardar da ba ta karanta ba, don kawai wani mai mota ya ce zai kai ta Legas. Iyayenta ko labari ba su da shi.

Don Allah ku turo wakilinku ya zagaya studiyoyin Jos da Abuja, ya tambayi mawaƙa, musamman mata, wace yarjejeniya suka sa wa hannu da kuma wa ke riƙe da waƙoƙinsu.

Naku,
Mai karatu daga Unguwar Rogo, Jos