Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Florida, Ron DeSantis

Mai girma Gwamna, barka da aiki.

Ranka ya daɗe, magana ce a kan dokar nan taku ta Stand Your Ground, wadda tun 2005 ta ce ba dole mutum ya ja da baya ba in yana ganin ransa na cikin haɗari. Ni fa ban ce kar mutum ya kare kansa ba, wanda aka zo kashewa ai ba zai naɗe hannu yana kallo ba. Abin da ke damuna, bayan an yi harbin wa ke ba da labari? Mai bindiga ne, ɗayan kuwa yana kwance a mutuware.

Ka tuna Markeis McGlockton a Clearwater, Yulin 2018. Ya fito daga shago ya tarar Michael Drejka yana ta yi wa uwar 'ya'yan shi McGlockton ɗin masifa a kan wurin fakin na naƙasassu, sai ya hankaɗe Drejka ya faɗi ƙasa, shi kuma Drejka ya zaro bindiga ya harbe shi har lahira. Hankaɗewar kuskure ne, ban musa ba. Amma kyamarar shagon ta nuna ƙarara McGlockton yana ja da baya lokacin da harsashin ya same shi, kuma duk da wannan bidiyon shugaban 'yan sandan yankin ya ce ba zai kama Drejka ba wai doka ta kare shi, sai da masu gabatar da ƙara suka shigo sannan a 2019 aka ɗaure shi shekara 20. To da babu kyamarar fa?

Trayvon Martin bai samu kyamara ba. Yaro ɗan shekara 17, ko tsinke bai riƙe ba, George Zimmerman ya harbe shi a Sanford a 2012, aka yi sati shida kafin a tuhume shi, a 2013 kotu ta wanke shi. Yadda faɗan ya fara, wanda ya rage da rai ne kawai ya faɗi nasa.

Sai ga shi a 2017 majalisarku ta ƙara sauƙaƙa abin, yanzu da maharbi ya ce tsoro ya ji, lauyoyin gwamnati ne za su kawo ƙwaƙƙwarar hujja su ƙaryata shi tun kafin a fara shari'a. Wallahi wannan ya yi yawa.

Roƙona ka sa a soke gyaran 2017 ɗin nan, wanda ya ce kansa ya kare ya kawo shaidarsa gaban alƙali. Ɗan sanda kuma ya daina wanke mutum tun likita bai duba ta inda harsashi ya shiga ba.

Na gode, a huta lafiya.