Jingina da igiya ba gudu ba ne, a yi wa Muhammad Ali adalci

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da ma'aikatanka. Na daɗe ina sauraron shirinku na wasanni, sai dai a makon jiya na ji wata magana da ta tsaya mini a rai. Ana cikin hirar gwanayen damben boksin ajin masu nauyi, wani matashi ya bugo waya ya ce wai Muhammad Ali bai fi ƙarfin George Foreman ba, laɓewa kawai ya yi a jikin igiya har mutum ya gaji. Mai gabatarwa bai tanka masa ba, aka wuce. Na ji irin wannan magana a majalisu da gidajen kallo, shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Ina ɗan yaro aka yi wannan dambe a Kinshasa, ranar 30 ga Oktoba, 1974, lokacin ana kiran ƙasar Zayar, Mobutu na mulki. Da misalin ƙarfe huɗu na asuba aka shiga fage, don mutanen Amurka su samu kallo da daddare a can. Ina tuna mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya dawo daga masallaci ya zauna a zaure da rediyo manne a kunne, maƙwabta uku sun kewaye shi ba mai ko tari. Da ya ɗago kai ya ce "Ali ya kashe shi", sai da wani dattijo ya cire hula ya share fuska.

Matasan yau ba su san waye Foreman na wancan lokacin ba. Shekararsa 25, ya yi dambe 40 ba a taɓa cinsa ba, 37 daga ciki bai bari an kai ƙarshe ba. Joe Frazier, wanda ya ci Ali a 1971, sau shida Foreman ya kai shi ƙasa cikin turmi biyu a Jamaika. Ken Norton, wanda ya karya wa Ali muƙamuƙi a 1973, shi ma turmi biyu ya yi a hannunsa. Ali kuwa yana da shekara 32, ga shi an raba shi da kambunsa a 1967 saboda ya ƙi zuwa yaƙin Biyetnam, ya yi fiye da shekara uku ba ya dambe. Har masoyansa tsoro suke kada a nakasa shi.

To, mutumin da ke tsoro shi ne zai ba wa irin wannan ƙato haƙarƙarinsa ya ce daka? Mai gudu zagaye fage yake yi. Ali tsayawa ya yi. Ya jingina da igiya, ya kare fuska da hannu biyu, ya karɓi naushin da ya kayar da Frazier a ciki da kwiɓi, turmi bayan turmi, alhali mai horar da shi, Angelo Dundee, yana ta yi masa ihu ya bar wurin. Foreman da bakinsa ya sha ba da labarin yadda Ali ke raɗa masa a kunne yana tambayarsa ko iyakar ƙarfinsa ke nan. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gidan damben gargajiya ya san bambancin mai ja da baya don tsoro da mai ajiye hannu yana jiran ƙofa ta buɗe.

Kuma ba duka kawai yake sha ba. Kwanan baya na sake kallon faɗan a wayar ɗana, muka tsaya a kan ƙarshen turmi na biyar muka maimaita shi sau uku. Foreman ya yi ta jibga har hannuwansa suka yi nauyi, sai Ali ya taso daga igiya ya zuba masa naushi a fuska bi da bi, kan Foreman na wulwulawa, gumi na fantsama. Ko da aka tsayar da damben, Ali ne ke gaba da maki a takardun duka alƙalan uku. A turmi na takwas, saura daƙiƙu kaɗan a kaɗa ƙararrawa, ya sauke masa hannun dama. Foreman ya juya yana tangaɗi zai faɗi, Ali na biye da shi da hannu a ɗaure, amma bai ƙara masa ko ɗaya ba. Wannan naushin da ya riƙe bai saki ba ya fi burge ni a kan duk waɗanda ya kai.

Mu ma manya muna da namu laifin. Da yawa cikinmu son Ali muke saboda ya musulunta kuma ya ƙi rusunawa, sai mu mayar da nasarar tamkar abin da ya faɗo daga sama, har wasu su ce asiri ne. Hakan ma rage masa daraja ne, domin ya shafe horon da ya sha da kaifin tunaninsa. Muna kuma raina Foreman ba dalili. Mutumin da ya dawo ya karɓe kambun duniya daga Michael Moorer a 1994 yana ɗan shekara 45 ba rago ba ne. Ya daɗe yana kawo uzurori, har da cewa an sassauta igiyoyin, amma daga baya shi da Ali suka zama aminai. Ali ya rasu a 2016, Foreman a watan Maris na 2025.

Roƙona, Malam Edita, ku ware shiri guda a bi wannan dambe turmi-turmi, ku gayyato tsohon ɗan boksin da kuma wani ɗan damben gargajiya su yi bayani. Ku kuma nemi matashin nan ya sake bugowa bayan ya kalli turmi na biyar.

Na gode.

Mai sauraronku na kullum,
daga Gusau