Rahoton Ayyukan Shekarar 2024 ga 'Yan Ƙungiyarmu ta Tsofaffin Ɗalibai

Shugaba, iyayenmu dattawa, 'yan'uwa maza da mata, ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ga bayanin abin da kwamiti ya yi a madadinku bana, da abin da bai yiwu ba.

An yi tarurrukan wata-wata duka, ban da na Agusta. An kuma kai gaisuwar ta'aziyya da ta barka inda ya kamata.

Babban aikinmu shi ne taron keɓewa na ɗaliban makarantarmu, kuma a kansa muke ɗaukaka sunan Allah. Da farko mun sa shi a makon farko na Agusta. Sai zanga-zangar tsadar rayuwa ta fara ranar 1 ga wata, aka kuma sa dokar hana fita a Jos da Bukuru. Dole muka ɗage zuwa ƙarshen wata, muka bi iyaye ɗaya bayan ɗaya a waya muna kwantar musu da hankali. Duk da haka ɗakunan kwanan 'yan mata sun cika, har aka aro katifu daga ɓangaren maza.

Daga yammacin Alhamis zuwa sujadar Lahadi aka yi. Kan maganar daga Luka 11:1 aka ɗauko, inda almajiri ya roƙi Yesu ya koya musu yin addu'a. Tun a bakin ƙofa aka karɓi wayar kowane yaro, aka sa a ambulan da sunansa. An yi ta gunaguni a daren farko, amma zuwa ranar Asabar ba wanda ya ƙara tambayar tasa. Da asuba ƙararrawa, sai ibadar safe, sai a rarrabu ƙungiya-ƙungiya a gindin mangwaro domin binciken Littafi Mai Tsarki, ƙanana daban, 'yan aji shida daban. Sun bi labarin Daniyel da ya ƙi abincin sarki, da na Yusufu a gidan Fotifar.

Abin da ya fi taɓa mu shi ne akwatin tambaya. Kwalin sabulu ne kawai aka yi wa ƙofa, kowa ya rubuta damuwarsa ya jefa ba suna. Iyaye, da kun ga abin da ya fito daga kwalin nan! Akwai mai tambaya ko zunubi ne ya karɓi amsar jarrabawar WAEC in iyayensa ne da kansu suka biya kuɗin. Akwai wanda cacar ƙwallo ta waya ta cinye masa kuɗin makaranta. An yi tambaya a kan tiramadol, da kan manyan maza masu tare 'yan mata da alkawarin waya. Wani kuma ya rubuta cewa an ƙone gidansu a lokacin rikici, ta yaya zai gafarta. Baba Fasto, da 'yar'uwarmu ma'aikaciyar jinya, da malaman FCS (ƙungiyar zumuntar ɗalibai Kirista) na makarantar suka zauna suka amsa su ba tsawa, ba kunyatarwa. Yawancinmu a FCS muka taso, wadda aka fara a Gindiri a 1957, amma a zamaninmu ba mu sami irin wannan sarari na tambaya ba.

Wani yaro ya rubuta cewa in ya gama Addu'ar Ubangiji sai bakinsa ya mutu, bai san me zai ƙara ba. Malama ta raba musu takarda, ta ce kowa ya ja layi uku: abin godiya, abin tuba, abin roƙo. Aka ba su sa'a guda kowa ya nemi wurinsa shi kaɗai. A daren shaida, wani babban ɗalibi ya tashi a gaban kowa ya nemi gafarar ƙaramin da ya daɗe yana ƙwace wa abinci, ba wanda ya sa shi. Mun gode wa iyayenmu na Zumuntar Mata da suka kwana a bakin murhu suna dafa gwate da shinkafa da wake, da ɗan'uwanmu da ya aiko da dankali daga Bokkos.

Yanzu ga inda aka gaza, kuma ina roƙo a saurari dalili kafin a yi ƙorafi. Ba a rufa ɗakin addu'a ba. An yi lissafinsa da farashin bara, sai ga buhun siminti ya kai naira 10,000 a farkon shekara, kwano da katako suka bi shi. Wasu sun ce a nemi mai araha a lallaɓa. Bayan ginin makarantar da ya rufta a unguwar Busa Buji a Jos ranar 12 ga Yuli, inda rayuka 22 suka salwanta, kwamiti ya ƙi, kuma har gobe muna kan bakanmu. Ba za mu tara 'ya'yan mutane a ƙarƙashin rufin da injiniya bai duba ba.

Littattafai Masu Tsarki da muka yi alkawarin ba kowane ɗalibi mai fita, kaɗan aka saya, kuɗin ya tafi ga abincin taro. Ziyarar bibiya da muka so a riƙa kai wa yaran kowane wata ta tsaya a Oktoba, lokacin da litar fetur ta haura naira 1,000, domin daga aljihunsu masu zuwa suke zuba mai.

Tushen duk wannan shi ne kuɗin wata-wata. Waɗanda suka biya cikakke ba su kai rabinmu ba. Na sani ana cikin matsi, ni ma a kasuwa ɗaya nake sayayya da ku. Amma akwai gwauraye da 'yan fansho a cikinmu da ba su taɓa tsallake wata ba, alhali wasu masu albashi ma'aji ya kira su har ya gaji, ba sa ɗauka. Da aka sa hotunan taro a WhatsApp, kowa ya rubuto “Allah ya yi albarka”. Da aka nemi masu kwana da yara, mutanen da suka saba ne dai suka fito. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma waɗannan 'yan'uwa sun gaji. Wanda ba shi da kuɗi yana da mudun masara, ko mota, ko dare ɗaya da zai bayar.

Ma'aji zai karanta lissafin shiga da fita bayan wannan rahoto, rasit duk suna nan ga mai son dubawa. Kwamiti yana ba da shawara a biya bashin baya kafin taron Fabrairu, ko da kaɗan-kaɗan ne, kuma kowane rukunin 'yan aji ya ba da mutum biyu da za su yi hidima a taron keɓewa na 2025. Mai wata matsala ta gaskiya ya sami shugaba ko ni a keɓe, za a duba.

Naku cikin hidimar Ubangiji,
Sakatare