Wasiƙa zuwa ga Auwalu a kan makomar wasan labari da ƙwaya

Daga wajen Ringim, Jihar Jigawa

Assalamu alaikum Auwalu,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali. Ya Legas, ya haƙuri da mu? Nan sai godiya, gero ya shigo gida, ana jiran dawa.

Ka tambaye ni ko wasan nan namu, wanda ake zama a ƙirƙiri labari tare, kowa da gwarzonsa, ana jefa ƙwaya irin ta ludo, ya kama hanyar mutuwa, tunda ka ji ana rigima da masu Dungeons & Dragons. Da sauransa, malam. Shi ne mafi shahara a irin wannan wasa. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fito da shi a Amurka a 1974, kamfanin Wizards of the Coast ya saye shi a 1997, Hasbro kuma ya saye Wizards ɗin a 1999. Rigimar da ka ji ta Janairun 2023 ce. Kamfanin Wizards ya nemi soke lasisin da ya bayar tun 2000, wanda ya ba ƙananan marubuta damar gina nasu littattafan a kan dokokinsa kyauta. 'Yan wasa suka yi masa ca, kafin watan ya ƙare ya janye, har ya saki tushen dokokin bugu na biyar a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ba a karɓe shi in an bayar. Ko gobe kamfanin ya rufe, dokokin suna hannun jama'a.

Matsalarmu a nan daban ce. Manyan littattafan uku ne, kowanne wajen dala 50, ga ƙwayoyi bakwai masu fuska 4, 6, 8, 12, 20 da biyu masu 10, waɗanda ba a sayarwa a kasuwar ƙauye. Shi ya sa nake ganin ƙwayar ludo biyu ce za ta raya wasan a wajenmu, bisa tsarin da wani wasan labari mai suna Apocalypse World ya zo da shi a 2010. Ɗan wasa ya faɗi abin da gwarzonsa zai yi, ya jefa ƙwaya biyu, a haɗa. In 10 ne zuwa sama, ya yi nasara sumul. In 7 zuwa 9 ne, ya samu amma da hasara. In 6 ne zuwa ƙasa, jagora, wato mai shirya labarin da tafiyar da shi, ya jefo masa masifa. Cikin hanyoyi 36 da ƙwayoyin ke faɗuwa, 6 ne kawai nasara sumul, 15 rabi da rabi, 15 faɗuwa. In ka ƙara wa mutum maki 1 a abin da ya ƙware, nasararsa ta koma 10, faɗuwarsa ta sauko 10. Kada ƙarin ya wuce 3, in ba haka ba fargaba ta tafi, daɗin ya bi ta.

Amma ainihin ƙarancin na jagora ne. Mutum biyar na son wasa, mai yarda ya zauna ya shirya labari ɗaya ne, in ya gaji shi ke nan zama ya watse. Yawanci shi yake wahalar da kansa: ya cika littafi da labari har ƙarshensa, 'yan wasa su bi wata hanya, ya dinga jan su da ƙarfi suna gundura. Shafi ɗaya ya isa: wurare uku, mutane biyar da sunayensu da abin da kowa ke nema, sai matsala ɗaya mai ƙara muni in an ƙyale ta. Kada ya sa a jefa ƙwaya a kan buɗe ƙofar da ba kowa a bayanta, kuma in jifa ta faɗi kada ya ce ba abin da ya faru. Jaki ya tsere da kaya, ko mai gadi ya farka. 'Yan wasa uku zuwa biyar, awa biyu bayan isha'i. In sun kai bakwai, rabi za su koma danna waya kafin layi ya zo kansu.

Ka kuma san lokacinmu. Da damina kowa ya dawo gona a gajiye, da rani samari sun tafi ci-rani. Labarin shekara guda irin wanda kake gani a YouTube ba zai kai ba. A yi mai zama huɗu zuwa shida, a gama, wani ya karɓi jagoranci.

Sai maganar dattawa. Duk wanda ya ga ƙwaya a tabarma caca zai fara zato, kuma ko a Amurka, a shekarun 1980, an zargi wasan da bautar Shaiɗan. A yi shi a ƙofar gida inda kowa ke ji, ko sisi kada ya shiga, a kuma bar matsafa da gumakan littafin Turawa. Ayarin fatake daga Kano zuwa Gwanja neman goro ya ishe mu labari: wannan madugu, wancan jagaba, jakai ɗauke da kanwa, ga kuɗin fito a bakin Kwara, ga 'yan fashi kafin zango.

Wasa ta intanet kuwa, irin su Roll20 da Discord, data da caji ba za su bari ba tukuna. In ka sami mai zuwa gida, ka bugo mana dokokin kyautan nan a takarda, kofi biyu, ka haɗo da ƙwaya mai fuska 20 ko guda ɗaya ce.

Ka gaida mai ɗakinka da yara. Su Baba suna gaishe ka.

Naka,
Habibu