Takardar Koke ga Mai Martaba Sarkin Zazzau kan Tsofaffin Gine-gine da Unguwannin Tarihi na Garin Kaduna

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Zazzau,
ta hannun masu girma hakiman cikin garin Kaduna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara masa lafiya da adalci.

Mu talakawanka ne mazauna Tudun Wada, Unguwar Sarki, Unguwar Shanu, Kawo da Kakuri. A cikinmu akwai tsofaffin ma'aikatan masaƙa da na reluwe, da malaman makaranta, da magina, da 'yan kasuwa. Mun kawo kuka gabanka ne kan tsofaffin gine-ginen garin nan da ke ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Roƙonmu shi ne Sarki ya shige mana gaba wajen Gwamna da Majalisar Dokokin Jiha, a samar wa Kaduna rubutacciyar ƙa'ida ta yadda za a riƙa ware gini ko unguwa a ce wannan na tarihi ne, ba a taɓa shi sai da shawara.

Ranka ya daɗe, akan ce Kaduna garin jiya ne, ba ta da ganuwa irin ta Zariya, to me za a adana? Gaskiya ne sai a 1917 Turawa suka kammala dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru. Amma daga lokacin zuwa 1967 a nan aka mulki Arewa gaba ɗayanta. A zauren Lugard Hall Majalisar Wakilai da Majalisar Sarakuna suka zauna, magabatanka ma sun zauna a ciki. A gidan da yanzu ake kira Arewa House aka kashe Sardauna ran 15 ga Janairun 1966. Gidan tarihi na titin Ali Akilu da aka buɗe a 1975, ofishin jam'iyyar NPC ne a da. Masallacin Sultan Bello na tsaye tun 1962. Waɗannan sun yi sa'a, suna da masu kula da su. Damuwarmu tana kan waɗanda ba su da kowa.

A je Kakuri a gani. A nan aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles (KTL) a 1957, sauran suka biyo baya, har ya zama idan jiniya ta kaɗa lokacin canjin aiki, titi cika yake da kekuna da masu abinci da ma'aikata daga kowane lungu na Nijeriya. Yau kwanon rufin ya yi tsatsa, ciyawa ta ci harabar, yaran da aka haifa a unguwar ba su san cewa atamfar auren kakanninsu daga bayan katangar nan ta fito ba. Haka kwatas-kwatas na reluwe, masu faɗin baranda da dogon rufi da tagogin katako, waɗanda aka gina yadda iska za ta ratsa ɗaki ko da babu wuta. Maginanmu na yanzu suna da abin koyo a jikinsu.

Wasu daga cikinmu sun ga yadda abin ke faruwa da idonsu. Wani tsohon gida a unguwarsu, mai bulon ƙasa gasasshe da maɗatai biyu a ƙofa, aka wayi gari ranar Asabar katafila na kansa. Kafin la'asar 'yan jari-bola sun kwashe ƙarafunan, ƙyauren katakon da ya girmi yawancinmu an fasa shi an sayar wa mai tuyar ƙosai. Mai unguwa bai sani ba, balle maƙwabta. Ba mu ce mai gidan ya karya doka ba, domin babu inda aka rubuta cewa gidan yana da wata daraja. Babu ko hoton da aka ɗauka.

Mun san akwai Hukumar Gidajen Tarihi da Kayayyakin Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta kafa. Tsarinta na sa wuri cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa shi ne ta buga sanarwa a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati, a ba mai wuri damar ƙorafi, sannan a miƙa wa Shugaban Ƙasa ya amince. Gadar Lugard da ke lambun Gamji, wadda aka fara kafawa a Zungeru a 1904, tana cikin jerin ƙasa tun 1956. To amma wannan hanya ta abin da ya shafi ƙasa baki ɗaya ce. Babu mai ɗaukar maganar tsohuwar makarantar allo ta Tudun Wada ko layin gidajen reluwe ya kai ta Abuja. Wannan aikin gari ne, kuma wasu garuruwa sun daɗe da gane haka. A Ingila sun kasa gine-ginensu na tarihi mataki uku bisa daraja, kuma tun 1967 dokarsu ta ba ƙananan hukumomi ikon ware unguwa sukutum. Legas ma ta yi tata dokar a 2011.

Abin da muke so a rubuta bai da wahala. A kafa kwamiti da zai ƙunshi wakilin masarauta, da masana tarihi na Arewa House, da masu zanen gini daga Jami'ar Ahmadu Bello, da hukumar tsara birane, da dattawan unguwanni Musulmi da Kirista, domin tsofaffin majami'un garin nan ma tarihinsa ne. A buɗe ƙofa ga kowa ya kawo sunan wuri ta hannun mai unguwarsa. A faɗi ma'aunin a fili: shekarun ginin, abin da ya faru a cikinsa, irin fasahar da aka zuba, da matsayinsa a wajen jama'ar unguwa. Sai a liƙa sanarwa a jikin ginin, a faɗa a rediyo da Hausa, a yi zama a ƙofar hakimi a ji ta bakin kowa. Wanda ya shiga jeri a sa shi a taswirar filaye ta jiha, yadda duk jami'in da zai sa hannu a takardar izinin gini zai gan shi.

Abu ɗaya muke so a ƙarfafa fiye da sauran: daga ranar da aka karɓi sunan wuri, a dakatar da rushe shi har a yanke hukunci. In ba haka ba, sanarwar ita ce za ta kira katafila cikin dare.

Sannan, Allah ya taimake ka, kada a manta da masu gidajen. Yawancinsu magada ne, wasu marayu, kuma ƙasa a tsakiyar Kaduna ta yi tsada. Idan aka ce wa mutum kada ya taɓa gidan gadonsa, ba a ba shi komai ba, an zalunce shi, kuma zai nemi hanyar kuɓuta. A Legas, ginin Ilojo Bar yana cikin jerin ƙasa tun 1956, amma hakan bai hana a rushe shi a Satumban 2016 ba. Don haka a sassauta wa masu irin waɗannan gidaje harajin ƙasa, a taimaka musu da gyaran rufi, a bar su su yi haya ko kasuwanci a ciki matuƙar ba su sauya fuskar ginin ba. Idan sayarwa ta zama dole, a fara yi wa gwamnati tayi. A unguwar da aka ware kuma, ba cewa muke kada a yi sabon gini ba. A dai iyakance tsawonsa, a bar itatuwa da faɗin layi yadda suke.

Batun gyara kuwa, Sarki ya fi mu sanin zafinsa. Har yanzu muna addu'a ga bayin Allah da suka rasu lokacin da wani sashe na Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Mika'ilu, ya rufta a Agustan 2023. Allah ya jiƙansu. Shi ya sa muke so dokar ta wajabta wa injiniyoyi duba duk ginin da ke jeri kafin kowace damina.

Kafin doka ta fito, muna roƙon Sarki ya umarci hakimai da dagatai da masu unguwanni su fara rubuta tsofaffin wuraren da ke ƙasarsu, da hoto da bayanin dattawan da suka san su. Matasanmu a shirye suke su yi wannan zagaye kyauta. Muna kuma neman a ba wakilanmu rana su zo fada su yi gaisuwa, su miƙa sunayen wuraren da muka riga muka tattara.

Allah ya ja zamanin Sarki.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
mazauna unguwannin da aka ambata, waɗanda sa hannunsu ke haɗe da wannan takarda.