Wasiƙa daga ƙasar sanyi

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, su Baba da Inna ma suna lafiya. Nan Amurka sanyi ya kankama, ko sallar asuba sai da ruwan zafi nake alwala.

Na ga saƙonka cewa ƙanwarka ta ƙudurta karanta kiwon lafiyar al'umma, kuma tana tambaya ko lissafi da bayoloji kaɗai za ta riƙe. Ka gaya mata a'a. Ni ma da wannan zato na zo. Digirinmu kiredit 120 ne (kiredit shi ne ma'aunin nauyin kwas), kuma tun shekarar farko aka ɗora mana kwasa-kwasan da ban taɓa tsammani ba: ilimin halayyar ɗan Adam, ilimin zamantakewa, da wani kan al'adun jama'a da lafiya, kowanne kiredit 3, ba kuma zaɓi ba ne. Fannin namu a nan ana kasa shi gida biyar: ƙididdigar lafiya, nazarin yaɗuwar cututtuka, lafiyar muhalli, gudanar da harkokin lafiya, sai ilimin zamantakewa da ɗabi'a. Na ƙarshen nan na raina, har na ce wa mai ba ni shawarar karatu ni cuta na zo karanta, ba tatsuniya ba. Ta yi murmushi ta sa mini hannu a takarda.

Abin da ya sa na daina raina shi, labarin garinmu ne na tarar a allon aji. Malamar ta kawo batun ƙauracewa ɗigon shan inna a Kano a 2003, ta tambaya me ya sa mutane suka ƙi maganin da ke kyauta kuma yana aiki. Wani ɗan ajinmu ya ce jahilci. Wallahi sai da jinina ya tafasa. Na ɗaga hannu na ce a 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya haɗa da yara kusan 200 a Kano, wasu suka mutu, wasu suka nakasa, kuma iyaye ba su manta ba. Na ce mutumin da ya je asibiti bai sami maganin zazzaɓi ba, sai ga shi ana bin sa har ƙofar gida da wani magani kyauta, dole ya tambayi dalili. Ka tuna yadda iyayenmu ke faɗa a zaure. Sai a Yulin 2004 Kano ta koma rigakafin, bayan an samo shi daga Indonesiya, a lokacin kuwa cutar ta riga ta tsallaka ƙasashe da dama. Abin da ya daidaita al'amarin daga baya kuwa, shigowar Sarkin Musulmi da sarakuna ne, da hakimai da dagatai da masu unguwanni, da matan unguwa da ke shiga gida-gida suna magana da 'yan'uwansu. Har zuwa Agustan 2020 da aka ce Najeriya ta rabu da cutar, babban abin da ya canza shi ne bakin da ke kawo maganin.

Amma kada ka zaci duk na yarda da abin da ake koya mana. Akwai wani tsari da suke ji da shi, wanda masana halayya na hukumar lafiyar Amurka suka fitar a shekarun 1950, lokacin da suka rasa dalilin da ya sa mutane ba sa zuwa ɗaukar hoton ƙirji na tarin fuka alhali kyauta ne. Tsarin ya ce mutum yana auna ko cutar za ta iya kama shi, yaya muninta, mene ne amfanin matakin, me zai hana shi ɗauka, sannan ya yanke shawara. Da kyau. To amma wane ne mutumin? A gidajenmu, yarinya mai haihuwar fari da naƙuda ta yi wa tsawo ba ita ke yanke shawara ba. Kunya ma ba za ta bari ta yi kuka ba. Uwar miji za ta ce a ƙara jira, ungozoma na bakin ƙoƙarinta, maigida kuma yana kasuwa, babu mai fita sai da izininsa. Na rubuta haka a aikin da aka ba mu, malamar ta nuna mini tsarin jinkiri uku na masu bincike Thaddeus da Maine na 1994: jinkirin yanke shawarar zuwa asibiti, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Wannan ya fi kama da mu, domin na tuna matar maƙwabcinku da aka nemi mota da tsakar dare aka rasa.

Karatun akwai yawa, ba a ba ka amsa ɗaya kamar lissafi, kuma makin da na fi samu ƙanƙanta a zangon farko daga nan ya fito. Don haka ta fara sabawa da rubutu mai tsawo da kare ra'ayinta. In tana da hali, ta riƙa bin ma'aikatan lafiya na unguwa ranar rigakafi, ta saurari abin da iyaye mata ke faɗa a soro. Ta duba kuma jerin kwasa-kwasan kowace jami'a kafin ta cike fom, don ba duka suke ba wa wannan ɓangare nauyi ɗaya ba.

Ka gaishe da Inna, ka ce mata yajin da ta ba ni ya ƙare tun watan jiya. In akwai mai zuwa, a tuna da ni.

Naka har kullum,
Abokinka na ƙuruciya